Hannun Baba na Hagu

Baffa ya riga ya yanki tikitin jirgin ƙasa kafin ya gaya mini, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har yau. Ya zo daga ƙauye duba yayansa, ya sauka a gidanmu na Zangon Agege, ya ci tuwon da na tuƙa da hannuna, sannan wata safiya ya ce mini jibi zai tafi da Baba gida. Ko kallona bai yi ba, yana ta ɓare goro.

Na ce, "Wane gida kuma, Baffa? Nan ɗin daji ne?"

Ya ce, "Ke 'yar Ikko ce, ba za ki gane ba. Mutumin da hankalinsa ya gushe, a gaban danginsa ya kamata ya ƙarasa. Ba a bar wa mace ɗaya wannan ɗawainiya."

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ce. Baba tsohon soja ne, Saje ake kiransa. Da ya dawo daga yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama sai ya zauna a Agege yana sayen goro wurin manoman Yarabawa, yana ɗaure shi huhu-huhu yana turawa Arewa a jirgi. Nan aka haife ni, nan aka binne mahaifiyata, nan kuma na dawo da aurena ya mutu. A farkon daminar nan ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Baki ya karkace, magana ta tafi, kalma ɗaya tak ta rage masa: "To." Ka ce zai sha koko, to. Ka ce ba zai sha ba, to. Baffa ya gwada shi a gabana.

"Yaya, yau Juma'a ce?"

"To."

"Yaya, ashe yau Talata ce?"

"To."

Baffa ya juyo ya dube ni.

Abu ɗaya ya hana ni sallamawa. Baba yana da darar Turawa, wadda wani Ba'indiye ya koya masa a asibitin soja. Allo ne mai gidaje baƙi da fari, da 'ya'yan katako: sarki, sarauniya, dawaki, soraye, da ƙananan sojoji. Duk Zango ba wanda ya yarda ya koya, 'yan darar bakin tasha ma cewa suka yi wannan aikin marasa aiki ne. Sai ni, tun ina yarinya. Kullum bayan asuba yakan jera 'ya'ya kaɗan a allon ya ce, "Fari ne da tafiya. Kashe mini baƙin sarkin nan kafin in dawo kasuwa." Ya sha yi mini tsiya wai ina riƙon sarauniya kamar 'yan kunnen gado, ko ƙuda ya gifta sai na janye ta baya. To tun da ya kwanta, in gari ya waye yakan jawo allon da hannun hagu yana jera 'ya'yan. Ni kuwa ina fama da wanki da juya shi da ba shi abinci, ban taɓa zama na duba ba. Ina kuma tsoron in duba in tarar shirme ne.

Na yafa gyale na tafi wurin Limamin masallacinmu, wanda shekara da shekaru abokin Baba ne, kuma na san Baffa ba zai tsallake maganarsa ba. Ya saurare ni har na gama, da faɗan da kukan duka.

Ya ce, "Gobe bayan la'asar zan shigo. In hankalinsa na nan, ba mai ɗaukarsa sai da yardarsa. Amma nuna mini za ki yi, 'yar nan. Faɗa kawai ba ta isa ba."

A hanyar dawowa na tsara abin. Baba zai jera mini kamar da. Ni zan warware a ɓoye, in nuna wa Liman tafiyar da za a yi. Sannan a kai wa Baba allon ba na wurin. In hannunsa ya bi daidai abin da na faɗa, ai ba wanda zai ce katari ne. Tsarin ya yi kyau a hanya. Ban tsaya na tambayi kaina abin da zan yi in na kasa warwarewa ba.

Da safe na ajiye masa allon na ce, "Baba, jera mini." Ya daɗe yana yi. Ɗa ya faɗi, in ɗaga masa, ya sake faɗuwa. Da ya janye hannu na ɗauki allon a hankali na kai bayan gida kusa da murhu, inda ba zai gan ni ba.

Baƙin sarki yana can ƙuryar allo, sojojinsa biyu a gabansa, soronsa a layin baya, gida ɗaya ne ba kowa tsakaninsu. Dokina fari ya kutsa har bakin sojojin, ɗayansu ma yana shirin cinye shi. Sarauniyata tana tsakiyar fili. Sai na dubi nawa ɓangaren. Sarkina tsirara yake, baƙar sarauniya da ɗaya soron sun sa shi a gaba. Duk tafiyar da na yi wadda ba ta taɓa sarkinsu kai tsaye ba, nawa ne zai mutu.

Na fara da doki. Akwai gidan da in ya dira zai kama sarkin, amma soron nan yana tsaye a kai, nan take zai cinye shi. Na koma kan sarauniya. Hanya ɗaya ce za ta kai ta ga sarkin, wato gidan nan da ba kowa, a jikinsa, a bakin soro. Ko kallon wurin ban yi sau biyu ba, wa zai kai sarauniyarsa mayanka? Na gwada in janye ta ta kare sarkina, a tafiya ta gaba aka kashe ni. Na sake dawowa kan doki. Haka na yi ta kewayawa wuri ɗaya har hantsi ya wuce, wake ya kama a tukunya ban ji ƙauri ba.

Daga ɗaki ina jin Baffa yana jan akwatin ƙarfen Baba, yana zuba riguna. Can ya leƙo ya same ni durƙushe a gaban katako.

Ya ce, "Ashe abin har ke ya taɓa."

Na ba shi amsa da Yarabanci, ƙasa-ƙasa, amsar da in ya ji ta da Hausa sai an tara mana mutane. Ya girgiza kai ya koma.

Aka kira azahar. Na yi salla hankalina na kan allo, Allah ya yafe mini. Jirgin kaya ya wuce, kwanonin da ke kan kanta suka yi ta kaɗawa, na tuna gobe war haka wani jirgin ya yi nisa da Baba. Na leƙa shi. Yana jingine da bango, yawu ya zubo masa a haɓa, idonsa na kan ƙofa. Na goge masa, ya ce, "To." A nan ne na fara yarda da Baffa. Mai hankali ba zai jera wa fari wasan da fari ya riga ya mutu ba. Wataƙila hannu ne kawai ya tuna hanyar allo, mai hannun ya daɗe da tafiya.

Na koma bayan gida ina kuka, haushi ya cika ni, na Baffa da na Baba da na kaina. Na fizgi sarauniyar na dangwara ta a gidan nan na jikin sarki, na ce, "Ga ta nan, a cinye, kowa ya huta."

Na kai hannu in sa baƙin sarki ya cinye ta, sai na ga ba zai iya ba, dokina yana gadin gidan. Gudu kuma babu wurin yi. Dole soro ne zai ci. Na matsar da soron ya cinye ta, ya zauna a jikin sarkinsa. Sai na tsaya. Soron ya bar inda yake tsare wa doki hanya. Sarkin kuma ga soja a gaba, ga soja a gefe, ga soro ya toshe ƙofar da ta rage, duk nasa ne suka rufe shi. Na ɗaga doki na dira shi a gidan da na yini ina nema. Ba mai cinsa, ba wurin motsi. Na mayar da 'ya'yan na sake yi, na kuma sakewa. Ba shirme ba ne. Baba yana nan.

Liman ya shigo bayan la'asar. A zaure na nuna musu shi da Baffa: sarauniya nan, soro ya ci, doki nan. Liman bai taɓa son wasan ba, gumakan Saje yake ce musu, amma ya sa na maimaita har ya riƙe.

Ya ce, "Saje ya ga kin yi wannan?"

"Allah gafarta Malam, allon yana bayan gida tun safe. Ga Baffa nan."

Baffa ya ce gaskiya ne.

Na mayar da 'ya'yan yadda Baba ya jera su, suka shiga da allon, ni na tsaya a bayan labule ina leƙe ta inda ya yage. Liman ya zauna ya faɗi abin da na koya masa: "Saje, fari ne da tafiya."

Baba ya daɗe yana kallon allon. Hannun ya taso yana karkarwa, ya ture wani soja, Liman ya tayar. Sai hannun ya nufi doki. Na cusa gyale a bakina, don in ya fara da doki shi ke nan, an gama. Yatsunsa suka taɓa kan dokin, suka zame, suka wuce. Ya kama sarauniya. Bai iya ɗaga ta ba, jan ta ya yi a kan allon, gida bayan gida, har ya kai ta jikin baƙin sarki ya sake ta. Liman ya sa yatsu biyu ya ɗauki soro ya cinye ta. Baba ko jira bai yi ba, ya ɗauki doki ya ajiye inda na ce. Ya ɗago ya dubi ƙanensa ya ce, "To."

Liman ya ce, "Mutumin nan yana nan sarai." Baffa ya sunkuyar da kai, na ga yana share ido da bakin riga.

Na banko labule na shigo ina cewa Baffa ya kwance kayan da ya ɗaure, tun da ba shi ya ajiye su ba. Liman ya ɗaga mini hannu.

"Dakata. Cewa na yi sai da yardarsa, kuma ba mu tambaye shi ba tukuna."

Ya karɓi tikiti wurin Baffa, ya ce in kawo makullin gidan. Ya ajiye su a tabarma gaban Baba, ɗaya nan ɗaya can. "Saje, in zama kake so, ga makulli. In tafiya gida kake so, ga tikiti."

Ina murmushi ma a lokacin. Hannun ya taso ya sauka a kan tikiti.

Na ce, "Zamewa ya yi. Malam, ai kun ga yadda yake rawa."

Liman bai yi musu ba. Ya sauya musu wuri ya sake tambaya. Hannun ya tsallake makullin da ke kusa da shi, ya miƙa har can, ya danne tikitin da tafi. Baba bai dubi kowa ba sai ni.

Liman ya ce a hankali, "Hannun da kika kawo mana shaida, ai shi ne wannan, 'yar nan."

Da suka fita na zauna a gefen tabarmar. Na ji haushinsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ban sani ba ko kewar ƙauyen da ya baro tun yana saurayi ce, ko kuwa ya gaji da ganina ina ɗaga shi ina wanke shi. Ba shi da bakin faɗa mini, kuma ban sake samun damar tambaya ba, don bai ga wata damina ba.

Na ce, "Da na sani, Baba, da na bar sarauniyar nan inda take."

Sai ya yi dariya da rabin bakinsa, ta farko tun da ya kwanta, har tari ya sarƙe shi. Na ba shi ruwa, na goge masa haɓa. Sannan na tashi na zazzage akwatin da Baffa ya shirya, don ya cusa rigunan ba ninki, ya kuma manta da man zafin da nake shafa masa a kafaɗa. Na sake shiryawa da kaina. Allon da 'ya'yansa ban sa su a akwati ba. Na zuba su a jakar da za ta zauna kusa da shi a jirgi, na ce wa Baffa ya ajiye masa ita ta hagu.