Shunin da Ke Kan Farce

Mun tashi da asuba daga tashar Ƙaura Namoda, ni da wani maƙwabcina mai fataucin albasa. Dalilin tafiyata ɗaya ne. An aiko mini cewa ɗan ƙanena na Birnin Tsaba, yaron da bai daɗe da fara tafiya ba, ya yi zazzaɓi, ƙafarsa ta hagu ta saki. Akwai sauran ƙananan yara a gidan, kuma na san ƙanen nawa bai yarda da ɗigon rigakafin shan inna ba. Na ƙudura in je in shawo kansa kafin ciwon ya taɓa wani.

Da farko muka biya ta Shinkafi, don ranar kasuwa ce. Hanyar duk ramuka. Tun da aka ƙaddamar da shari'a, mata suna zama baya, maza gaba, amma gardamar rigakafi ba ta bi wannan tsari ba, ta game motar duka. Wani ya rantse an zuba maganin hana haihuwa a ciki. Direba ya ce in haka ne a ba shi kwalba guda ya shanye, don yaransa sun fi ƙarfin rumbunsa. Aka yi dariya. Sai wata tsohuwa daga baya ta ce asibitin garinsu ko maganin ciwon kai babu, amma wannan har ɗaka ake biyo ka da shi kyauta, don me?

A Shinkafi na ci hoce, na kora da fura mai tsami. Albasa ta yi tsada, abokin tafiyata sai guna-guni yake. Na bar shi wurin ciniki, na tsaya bakin wata unguwa ina kallon mata masu rigakafi da akwatunansu na ƙanƙara. Aikinsu a tsare yake, ya kuma burge ni. Su ɗiga wa yaro a baki, su shafa masa tawada mai launin shuni a farcen ƙaramin yatsa, sannan su yi rubutu da alli a jikin ƙofa. Duk yaron da suka gani da shunin nan, ba sa tsayawa kansa.

Daga nan na kama hanyar Zurmi ni kaɗai, na hau kabu-kabu zuwa Birnin Tsaba. Gero ya nuna a dama da hagu, shekara ta yi kyau, amma ban ji daɗin kallonsa ba.

Na tarar da yaron kwance kan tabarma, ɗakin duk warin hayaƙin magani. Na ɗaga ƙafar, na sake ta, ta faɗi kamar tsumma. Bayan gaisuwa da addu'a, na sa aka kira sauran yaran, na jera su bisa shekarunsu, na duba hannuwansu. Kowa da shuni a farce. Na yi hamdala a fili.

Ƙanena ya sunkuyar da kai yana murmushi.

"Yaya, ba tawadarsu ba ce, jibi ne, maganin nan mai shuni na shafa wa gyambo. In masu rigakafi sun shigo gari, mata na shafa ma ɗiya. Ba faɗa, ba ƙara wurin hakimi."

"Wannan na kwance fa?"

"Shi ma an shafa mai. Wanga kuwa Inna ce ta sha ƙafar, ba aikin asibiti ba ne."

Na yi masa bayani dalla-dalla, na yi nasiha, na yi faɗa har murya ta dushe. Bai musa mini ko sau ɗaya ba, don ni ne babba. Sai "to, Yaya" kawai. Matarsa ta kawo ruwa, na ga babban yatsanta da manuni sun rine da shuni. Da zan tafi ya raka ni har bakin hanya, ya ɗora mini damin gero, bai kuwa yi alkawarin komai ba.

Na iso Ƙaura bayan la'asar. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, wanda ya ƙi a fili ana iya zama da shi a yi magana. Wanda ya shafa shuni ya ce "to", an riga an ƙidaya shi cikin waɗanda suka tsira, babu mai sake ƙwanƙwasa ƙofarsa.

Jikokina suka taro ni a zaure. Tun watan jiya nake alfahari da farcensu a majalisa. Uwarsu, matar babban ɗana, ta durƙusa ta miƙo mini kwanon ruwa da hannu biyu. Na dubi yatsunta, babban yatsa da manuni sun rine da shuni. Ban iya shan ruwan ba.