A Ɗan Ɗaga Mana Shi Sama

Shekarar da sojoji suka koma bariki, kowa a Gyaɗi-Gyaɗi cewa yake yanzu talaka zai sha iska. Ƙanwata ba ta sha ba.

Bayan layinmu akwai masana'antar man gyaɗa. Da wutar lantarki ta zama sai ta ga dama, mai masana'antar ya koma hura tukunyar tururinsa da kwal. Daga nan bututun hayaƙin ya fara yi mana yayyafin baƙar toka. Ni da nake son tsayawa tsakar gida ina kallon gajimare, sai na koma kallon farin hijabina a kan igiya yana rikiɗa zabuwa. Ƙanwata kuwa asma gare ta. In ta ja numfashi, ƙirjinta kuka yake kamar tsohon ƙyaure.

Malaminmu na kimiyya ya taɓa gaya mana akwai matata da ake sa wa irin wannan bututu, ta kama tokar yadda rariya ke riƙe tsaki. Ranar da dattawan layi za su je wurin Alhaji mai masana'antar, na durƙusa gaban Baba.

"Baba, don Allah ku ce ya sa matata."

"To Malama, mun ji. Mutumin da ya haƙa mana rijiyar burtsatse za mu je mu koya wa sana'arsa?"

A ranar, Inna ta kai ƙanwata gidan gwaggonmu a Daurawa, ko ƙirjin zai lafa.

Dattawa suka je, suka sha lemo, nauyin Alhaji ya ɗaure musu baki. Iyakar abin da suka iya faɗa: "Alhaji, a ɗan ɗaga mana hayaƙin nan sama." Ya kuwa ɗaga. Masu walda suka ƙara wa bututun tsawo, aka yi ta shi masa albarka a masallaci.

Shanyarmu ta yi fes. Amma toka ba ta mutu ba, tsallake mu ta yi.

Ran Juma'a na je Daurawa, na tarar gwaggo na kakkaɓe zanin gado tana tsine-tsine. Ƙanwata na zaune bakin ƙofa, kafaɗunta na hawa da sauka.

"Yaya, hayaƙin biyo ni ya yi?"

Na zare ɗankwalinta na taho da shi. Na shimfiɗa shi gaban Baba, baƙi ɗigo-ɗigo.

"Saƙo ne daga Daurawa. Wai a ƙara yi wa Alhaji godiya."

Bai ɗago ba. Washegari aka dawo da ƙanwata gida, inda iska ta gyaru. 'Ya'yan gwaggo ba su da inda za a kai su.