Har Ta Yi Famfara

Ranar da na bar gidan mijina, ga abin da na fito da shi: 'ya ɗaya mai shekara uku a baya, daro ɗaya na dawa a ka, zani biyu a ƙarƙashin dawar, da kunne ɗaya mai ji. Abin da ake bi na kuwa damina bakwai ne.

A wajenmu, can ƙauyukan bayan Zuru, saurayi yakan yi wa uban yarinya noma shekara bakwai kafin a ba shi ita. Golmo muke cewa. Mijina ya yi nasa cif, kuma ni na zaɓe shi, ba wanda ya tilasta mini. Manomi ne na gaske. Amma zuciyarsa tana wajen aikin soja, kamar ta rabin samarin ƙasarmu. Sau uku yana zuwa ana maido shi. Daga na ukun ne hannunsa ya fara sauka a kaina. Kunnena na hagu ya tafi a kan miya ta huce. Na zauna. Sai ranar da ya kawo mini duka da igiyar akuya, na kauce, igiyar ta kwanta a kafaɗar yarinyar da ke bayana. Ranar kasuwa da ta biyo baya na aza daro kamar kowace mace, na bi hanya da rana tsaka. Na wuce shi yana wasa gatari a ƙofar gida, har ya ce in sayo masa taba.

Bayan kwana huɗu aka zauna a gidan babana. Dangin mijina suka ce ko in koma, ko in ba su 'yarsu. Na buɗe kafaɗar yarinyar na nuna. Kowa ya kalla, kowa ya kau da kai. Wani tsoho ya ce ba a raba ɗan tsako da kaza tun bai yi gashi ba, a bar ta a hannuna har ta yi famfara. Ranar da haƙorinta na farko ya faɗi, ta koma gidan ubanta.

Na dubi babana. Yana ta zane a ƙasa da tsinke.

"Baba, ba za ka ce komai ba?"

"Gumin yaron nan yana cikin rumbuna," in ji shi. "Na ci, ke ma kin ci."

"Ashe da dawa ka sayar da ni."

Maganata ta ƙarshe da shi ke nan. Na goya 'yata na fita.

Wata matar soja da mijinta ya rasu ta ba ni ɗaki a Rikoto, cikin garin Zuru. Da daron nan na fara. Nakan tare matan ƙauye a bakin hanya tun ba su shiga kasuwa ba, in saya mudu-mudu, in tara wa masu zuwa da mota daga Sakkwato. Ina gane dawar da ba ta bushe ba da cizo ɗaya. Kunnen da ya mutu ma ya yi mini aiki. In mai saye ya tsaya a haguna ya yi tayin banza, ba na ji, sai ya ɗauka raini ne ya ƙara. Wani Alhaji yakan ce, "Hajiya kurma, kunnen nan naki sai an ambaci kuɗi masu kauri yake buɗewa." Ni ko Makka ban san hanyarta ba, coci nake zuwa, amma ina amsawa. Cikin shekara biyu na sami rumfa.

Duk wannan da rabin zuciya nake yi. Rabin yana cikin bakin yarinyar. Kowace safiya ni nake goge mata haƙora da asuwaki, ina taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Na hana ta rake, na hana ta goruba, na hana ta aya. Ƙanwar mijina kuma ba ta fashin ranar kasuwa. Takan zo da gyaɗa a ƙulle a bakin zani, ta ce, "Matarmu, har yanzu yajin bai ƙare ba?" Sai ta ɗora yarinyar a cinya ta yi ta ba ta dariya. Na san abin da take dubawa. Haka dai na ɗauka.

Tana shekara shida ya faɗi. Gasasshiyar masara maƙwabciya ta ba ta. Ta shigo rumfa da gudu, jini a leɓe, dariya har kunne, haƙorin a tafin hannu.

"Mama, duba! Zo ki ɗaga ni in jefa kan rufi!"

Na toshe mata baki da hannuna, da ƙarfin da ya wuce ƙima. Na ga idonta ya koma irin na ranar igiya. Na ƙwace haƙorin na sa a gwangwanin man shafawa. Sannan na ɗauko zancen da yara ke yi, cewa in ƙadangare ya ga giɓi haƙori ba ya sake fitowa, na ƙara masa gishiri. Na ce ƙadangare yana aiken mutane su duba masa. Kada ta buɗe baki gaban kowa, ko Gwaggo.

Yarinya ce mai jin magana. Ta koyi gaisuwa da hannu a baki. Ta koyi cin tuwo tana fuskantar bango. A coci ta bar waƙa. Gwaggonta ta zo, ta yi duk wasannin da ta saba, yarinyar ta cije leɓe. Matar ta dube ni, ta ajiye gyaɗa, ta tafi.

Na jira su zo. Sababbin haƙora suka fito, aka shekara, aka sake, ba wanda ya zo. Na ce a raina na yi musu wayo, kamar yadda nake wa masu tayin banza.

Wata rana cikin damina, ba ranar kasuwa ba, ƙanwar mijina ta sauka daga kabu-kabu, ƙafafunta duk laka. Ba ta ce matarmu ba. Ta zagayo ta damana, inda nake ji.

"Babanki ya rasu. Da hantsi ya faɗi, a gonarmu."

"Me ya kai shi gonarku?"

Ta zauna a kan buhu. Ta ce tun daminar da na tafi babana ya je ya sami manyan gidan mijina, ya ce zai mayar da bakwai ɗin da fartanyarsa, su kuma su cire ido daga yarinya. Sun yi zaton wasa ne. Da ruwa ya sauka sai ga shi tun da sassafe. Tsoho mai furfura yana duƙe a gonar surukinsa, yara suna bin sa suna kiran sa tsohon ɗan golmo. Wannan ce damina ta biyar.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Shi ya hana. Ya ce in kin ji za ki loda buhuna a mota ki ce a biya. Ya ce ba dawa ya ci ba, gumi ya ci."

"To, ke da kike zuwa duba bakinta?"

"Wane baki? Shi yake aiko ni da gyaɗa, in koma in gaya masa ko ta yi tsawo. Giɓin nan tun ranar farko na gane. Yarinya mai dariya ta koma rufe baki, wa kike ɓoye wa?"

A wajen binnewa wan mijina ya tashi ya ce sun yafe biyun da suka rage. Mijina bai ɗago kai ba. Na ga fartanyar babana a jingine da rumbu, ƙotarta ta lotse daidai wurin hannunsa. Ita kaɗai na roƙa a cikin kayansa.

Yanzu ina da rumfa uku, kuma ba a cika mota a layinmu ban sani ba. 'Yata tana hannuna, ba wanda ya taɓa zuwa nemanta. Wannan ita ce ribar, kuma ba wayona ya kawo ta ba. Asarar kuwa, kunne ɗaya, da damina biyar da ubana yana da rai ban gaishe shi ba, da dariyar yarinya. Na sha gaya mata zancen ƙadangare ƙarya ne, ta ce ta sani. Haƙoranta farare ne, a jere kamar na kakanta. Har yau in abin dariya ya zo, hannunta yakan riga shi isa baki.