Sojan da Ya Ce Yana Yamai

Ina tashar Gidan Rumji ina kiran fasinja, shi kuma yana tsaye jikin motarmu. Soja ne matashi, siriri, kakin ya yi masa yawa. Yana riƙe da salula da hannu biyu, yana ɗan rusunawa kamar mai maganar tana gabansa.

"Ina Yamai, Inna. A buro suka ajiye ni, aikin ofis, ko bindiga ba na ɗauka."

Na ji an ce manyansu na bariki kan hana su faɗin inda suke, kada labari ya kai kunnen 'yan bindiga. Amma wannan ƙaryar ina jin tasa ce, don tsohuwa ta samu barci.

Ni kuwa mota ba ta cika ba. Bakina ya riga hankalina: "Gidan Sori! Gidan Sori, saura mutum guda!"

Ya rufe salular da tafin hannu, amma ina! Ba a kiran Gidan Sori a Yamai. Bai ko harare ni ba, da ma ya yi. Sai ya juya mini baya, murya ƙasa-ƙasa: "Don Allah bar kuka, Inna. Rediyo ne."