Kunnen Maliki da Kiran Azahar

Maliki manomi ne a Kurawa, mutum mai son hira, har kunne ya fara gudunsa bayan wani zazzaɓi da ya kwantar da shi shekarun baya. Tun daga nan sai an ɗaga murya yake ji. Ɗansa Shamsu ne ya kai shi Sakkwato aka sa masa na'urar ji, ɗaya a kowane kunne, 'yan ƙanana kamar ƙwayar dabino.

Ranar da ya dawo ya tsaya tsakar gida yana sauraren kaji.

"Ashe haka gidanga yake da surutu, Larai?" ya ce wa matarsa.

"Da can ma haka yake, Malam. Kai ne ka huta."

Waya ce ta fara ba shi wuya. Da ya manna ta a kunne sai na'urar ta ɗau shewa, ya janye yana tsaki. 'Yarsa Hadiyya ta koya masa ya buɗe muryar wayar, ya riƙe ta gaban ƙirji. Shi ke nan Maliki ya rasa sirri, duk wanda ya kira shi ya kira unguwa.

A ƙasar nan waya ba ta gaisuwa kaɗai ba ce. In aka hangi baburan 'yan bindiga, na ƙauyen gaba yakan kira na baya, kowa ya bar gona. Gonar Maliki ita ce ta ƙarshe kafin daji, ta gado ce, kuma ya ƙi barinta. Larai ta kafa masa sharaɗi: na'ura a kunne, waya a aljihu, ko kuma ba fita.

"Za ni kiyaye," ya ce. Kuma ya kiyaye, sai a wuri ɗaya.

An gargaɗe shi kada ruwa ya taɓa na'urar, shi kuwa ba ya wasa da shafar kunne a alwala. Don haka kowace salla yakan cire duka biyun, ya ajiye cikin hula.

Wata Laraba da damina, gero ya kai kafaɗa, azahar ta same shi a gona. Ya rataye riga a reshen aduwa, wayar na aljihunta, ya cire na'urorin, ya ɗauki buta. Ya yi alwala, ya ta da salla ba tare da ya mayar da su ba, don ya fi samun natsuwa a cikin shirun. Wayar ta yi ta kuka a kan itace.

Is'haƙa, maƙwabcin gonarsa kuma abokinsa tun na yarinta, shi ne mai kiran, don an hangi baburan 'yan bindiga. Ya riga ya kai bakin gari, da ya ga ba a ɗauka ba sai ya juya don ya janyo Maliki. A kan hanya baburan suka tare shi. Maliki kuwa gero ya ɓoye shi, bai san komai ba. Sai da ya sallame ya mayar da kunnensa, ya ji ƙarar injuna tana nisa, ya ga sunan Is'haƙa jere a fuskar waya.

Har yau Is'haƙa bai dawo ba. Babu wanda ya ɗora wa Maliki laifi a gabansa, Halima matar Is'haƙa ma tana gaishe shi kamar da, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Gonar ta koma ciyawa. Hatsin da ya samu a 'yar gonar bayan gida yakan raba biyu, ya aika gidan abokinsa.

Yanzu in zai yi alwala, wayar tana kan gwiwarsa. Ya cire na'urar dama, ya shafa, ya tsane kunnen da bakin riga, ya mayar, sannan ya taɓa ta hagu.

"Malam, ruwanka na zuba," Larai kan ce.

"Bari shi zuba. Kamar na ji wayar ta motsa."