Ƙofar Baba Mai Makulli

A ƙarshen layin masu gyaran agogo akwai wata 'yar rumfa da ko tabarma biyu ba za ta ɗauka ba. Nan Baba Mai Makulli ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana yanka makulli yana gyaran kwaɗo. Makullai ne rataye a jikin waya daga wannan kusurwa zuwa waccan. In iska ta gifta sai su dinga kaɗawa a hankali, shi kuwa ya lumshe ido da magagarin goge ƙarfe a hannu, ka rasa gane gyangyaɗi yake ko saurare. Mutum ne siriri mai sanyin magana, amma fa akwai ji da kai a kan sana'a. In ka kawo masa kwaɗon da ya ƙi buɗuwa, ba ya ko kallonsa. Karawa yake a kunne, ya zura 'yar waya, ya yi shiru kamar mai jiran a amsa masa sallama, can sai ka ji ƙyas, ya miƙo maka abinka a buɗe.

Sana'ar ta koya masa abu guda, kuma a ganina ta koya masa shi fiye da kima: babu kwaɗon da ba ya buɗuwa. Ya buɗe na attajirai, ya buɗe na ofisoshi, ya buɗe akwatin wata tsohuwa da ta rasu ba a san inda ta ɓoye makullin ba. Tun abin yana ba shi daɗi har ya koma ba shi tsoro. In ya bi layi, wasu gidaje suke gani, shi kuwa ƙofofi yake gani, yana ƙiyasta minti nawa kowacce za ta ɗauke shi.

Su biyu ne a gidan, shi da matarsa. 'Ya'ya sun girma sun watse, sai dai gaisuwa ta waya. Matar mai dariya ce, ga tsokana, sai dai tana fama da ciwon asma, ba ta rabuwa da 'yar robar maganin shaƙa. Shi yana ce mata tsohuwata, ita tana ce masa Malam, kuma duk faɗansu ba ya wuce na wa ya bar buta a bakin ƙofa.

Sai shekarar da gari ya rikice ta zo. Ba wanda zai iya faɗa maka ranar da abin ya soma. An dai wayi gari mutane suna magana ƙasa-ƙasa, yau a ce an fasa shaguna a can, gobe a ce an tare hanya a nan. Masu hali suka loda kaya suka bar gari, marasa hali suka yi layi a rumfar Baba, kowa yana neman kwaɗon da ya fi na maƙwabcinsa. Baba yana sayar musu yana jin tausayinsu a ransa, don ya san duk wanda ya miƙa, da 'yar waya zai buɗe shi.

Shi ya sa ya zauna ya ƙera nasa. Wata uku ya yi a kansa, yana gogewa, yana aunawa, yana zubarwa ya sake sabo. Ya sa mai walda ya yi masa ƙofar ƙarfe, ya dasa kubar da ya ƙera a cikinta yadda ko ta ciki ko ta waje sai da makulli, aka bi tagogi aka sa musu ƙarafa. Da ya gama sai ya ɗebo kayan aikinsa ya yi kwana uku yana ƙoƙarin buɗe ta da dabara, ya kasa. Ranar ya yi murnar da bai yi ba ko ranar da aka haifi ɗansa na fari. Makulli kuwa guda ɗaya tak ya yanka, don ya fi kowa sanin inda na biyu ke ƙarewa: a rumfar irinsa, ana yanka na uku. Ya ɗaura shi da igiya a jikin wandonsa, kullum da safe ya kulle gidan da matar a ciki ya tafi kasuwa.

"Malam, ni kaza ce da za a dinga rufe ni?" ta ce masa ta taga.

"Tsare ki nake yi, tsohuwata."

"To, Allah ya tsare mu, har da mai tsaron."

Hira da maƙwabta ma ya daina. Magini da ke jikin gidansa, wanda suka yi shekara ashirin suna zama a benci ɗaya, ya taɓa tsayawa yana yaba ƙofar, Baba ya kwana biyu yana tunanin me ya sa ya ƙura mata ido haka.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Wani ya kwarma ihu a bakin kasuwa, kafin ka ce me kowa ya zuba a guje. Aka ture Baba, ya faɗi, ya tashi, aka sake ture shi. Da ya fita daga turmutsutsun sai ya tarar da garin ya zama wani iri. Titi fayau, takalma a warwatse babu masu su, wata rediyo tana ta waƙa ita kaɗai a kan teburin da aka gudu aka bari. Takardu suna yawo a sama a hankali. Yana tafiya yana jin kamar ba ƙafarsa ce ke taka ƙasa ba, har ya riƙa ganin kamar ya taɓa bin wannan titin a mafarki, yana neman wani gida da bai san ko na wa ba ne. Warin hayaƙi ne ya dawo da shi hayyacinsa. An cinna wa shagon tayoyi na bakin layinsu wuta, iska kuma tana tura hayaƙin baƙi ƙirin cikin gidaje.

Tun kafin ya kai ƙofa ya jiyo tarinta. Ya kai hannu ƙugu, sai guntuwar igiya, babu makulli.

Ya laluba aljihu, ya kakkaɓe riga, ya sake lalubawa. Ya zaro 'yar wayar da ba ya rabuwa da ita, ya durƙusa, ya kara kunne a jikin kubar da ya ƙera da hannunsa. Shekara arba'in ƙarfe yana yi masa magana, yau ya yi gum. Ya san ba za ta buɗu ba, ai shi ya tabbatar da hakan, amma ya ci gaba da zura waya, hawaye na zuba.

"Malam," muryarta ta fito daga bayan ƙofar, siririya, numfashi na yankewa. "Maganin ya ƙare tun ɗazu."

"Yi haƙuri, yanzu zan buɗe. Yanzu-yanzu."

"Bar ƙarfen nan haka. Ba shi ya riƙe min rai shekara sittin ba." Ta yi tari mai tsawo. "In kwanana ya ƙare, ko a fili nake zan tafi. In da saura, wannan ƙofar taka ba ta isa ba. Ni ban ji tsoro ba, kai ma kada ka ji."

Wayar ta suɓuce daga hannunsa. Ya jingina goshi da ƙarfen, ya ji kunya da nadama sun rufe shi, ya ce, "Ya Allah, na gaza. Ni na ɗaure, ban iya kwancewa ba. Na bar maka." Yana faɗin haka ya ji wani nauyi da ya yi wata da watanni yana ɗauke da shi ya sauka daga ƙirjinsa. Ya miƙe, ya juya wa ƙofar baya, ya buɗe baki da muryar da ba a san yana da ita ba: "Jama'a, ku taimake ni! Matata tana ciki!"

Ƙofofin da yake yi wa kallon zargi suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Wani tela ya fito da jiƙaƙƙen tsumma a hanci, wani direba da ke ƙarshen layi ya tafi tada mota, magini ya iso da babbar guduma a kafaɗa. Ya dubi ƙofar, ya girgiza kai, ya matsa gefe ya ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa.

"Ƙofa kam ta fi ƙarfinmu, Baba. Amma bangon nan ni na gina shi, kuma na san ɗan simintin da ka ba ni." Ya ɗaga murya, "Inna, ja da baya!"

Bugu bakwai ya yi, bulo ya zube. Aka zaro ta ta ramin, fara fat da ƙurar siminti, ido a lumshe, leɓe na motsi. A mota Baba ya riƙe hannunta har asibiti, yana ta ambaton sunan Allah. Da la'asar ta buɗe ido, ta dube shi, ta tambaye shi ya bar buta a bakin ƙofa ne ko ya shigar da ita.

Gari ya daɗe bai lafa ba, amma Baba bai sake komawa wancan halin ba. Ramin da magini ya fasa aka gyara, aka sa masa ƙyauren katako da kwaɗo irin na kowa, makulli huɗu, biyu suna hannun maƙwabta. Da safe zai ce mata ya bar ta a hannun Allah, ta ce da can a hannun wa take. Ƙofar ƙarfen tana nan a gefe, a kulle har yau, ta fara tsatsa.

Yana nan a rumfarsa, ido a lumshe. In wani ya zo a firgice yana neman kwaɗon da ba mai iya buɗewa, sai Baba ya miƙa masa na yau da kullum, ya ce, "Ɗauki wannan, ka yi bisimilla ka kulle. Irin wanda kake nema na taɓa ƙera guda ɗaya. Ɓarawo bai taɓa zuwa ba. Matata kaɗai ya tare."