Agwagin Baba Jibo

Ranar da muka shiga gidan Baba Jibo maharbi a Tudun Wada ba ta taɓa fita raina ba, ko da yake duk waɗanda muka tsaya a tsakar gidan nan sun riga mu gidan gaskiya, saura ni kaɗai.

A lokacin ina ƙaramin malamin dabbobi, ban daɗe da kama aiki ba. Ku da kuka zo kuka tarar da allurai jere cikin firji ba za ku gane yadda muke ba. Aikinmu kusan duk na shanu ne. Mu bi rugage muna yi musu allurar bushiya, annobar da ke share garke, mu kuma duba waɗanda za a loda a jirgin ƙasa zuwa kudu. A samana akwai babban malami, a samansa kuma Baturen likita, wanda mutane suka laƙaba wa Mai Lofe don lofen taba ba ya barin bakinsa. Kaza kuwa ba a ma sa ta cikin aikinmu. Tudun Wada kanta ba ta cika ba tukuna. Gidajen ƙasa ne jefi-jefi, tsakaninsu gonakin dawa, in ka tsaya bakin masallaci kana hango ganuwar birnin Zariya.

Bayan girbin wata shekara, sai kaji suka fara mutuwa a unguwar. Kaza ta yi sukuku, ta sauke fukafukai, ta yi koren zawo, wuyanta ya murɗe, shi ke nan. Mutane na kiran ciwon fakat, in ya shiga gida sai ya share akurki. Ga matan wancan zamani kaza ba ƙaramin abu ba ce. Da ita ake karɓar baƙo, da ita ake duba mai jego, ita ake sayarwa in yaro ya kwanta ciwo. Da kukan ya yi yawa, mai unguwa ya tako da kansa ofishinmu. Babban malami yana daji wajen Fulani, don haka Mai Lofe ya ce in ɗauko keke mu tafi, ni ne tafinta.

Ya feɗe matattun kaji, ya ɗiga jininsu a gilashi ya duba a madubinsa mai ƙara girman ƙananan abubuwa, ya daɗe yana dubawa. Can ya ɗago ya ce, "Malam Isa, ban ga kome ba. Akwai ƙwayoyin ciwo da suka fi ƙarfin wannan madubi. Suna nan, ido ne bai kai gare su ba."

Na ce, "To, ranka ya daɗe, yaya za mu yi da abin da ba mu gani?"

Ya ce, "Mu bi sawunsa."

Ga yadda ake bin sawun ciwo. Ka shiga gida ka tambaya yaushe kaza ta fara faɗuwa, kafin nan kuma a gidan wa aka ji labari. Wannan gida ya nuna maka wancan, wancan ya nuna na gaba. Ni nake sallama, mata su yi magana ta bayan zana, in juya wa likita. Haka muka yi ta bi har sawun ya tsaya a gidan ƙarshe, can gefen fadama.

Baba Jibo dogon tsoho ne mai fara'a, kowa a unguwar ya ci namansa. In ruwa ya ɗauke, agwagin daji kan sauko fadamar Kubanni garke-garke. Shi kuwa ya ɗana musu raga ya kama su da rai, ya rage musu fukafukai, ya ajiye a gida yana kai wa kasuwa kaɗan-kaɗan. Da muka shiga muka tarar da su cike da tsakar gida, sumul-sumul, suna shan ruwa a kwatarniyar da kajin matarsa suka saba sha. Kajin kam babu ko ɗaya, su ne suka fara mutuwa a duk unguwar.

Mai Lofe ya cire lofe daga baki, abin da ban cika gani ba. Ya ce in gaya wa tsohon yana zaton agwagin nan ne suka kawo ciwon. Na faɗa masa.

Baba Jibo ya yi dariya, ya cafko ɗaya ya ɗaga ta. "Ɗana, dubi idonta. Dubi ƙirjinta. Wannan ce marar lafiya? Gaya wa Baturenka mai ciwo ne ke ba da ciwo."

Likita ya ce tsuntsun daji kan yi tafiya da ciwo a cikinsa bai kwanta ba, ya zubar da shi cikin kashi da ruwan da ya sha, kazar gida ta ɗauka ta mutu. Na juya wannan magana iyakar iyawata, na sake juyawa. Tsohon ya dubi kwatarniyar. Can ya ce a hankali, "Wato kamar wanda aka aika ɗebo wuta a kasko. Shi bai ƙone ba, amma in ya yi tuntuɓe danga ta kama."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya sauke agwagwar ya zauna a kan turmi. Na ga fara'ar nan ta bar fuskarsa.

Umarnin likita shi ne a kashe su duka, a binne cikin rami mai zurfi a zuba farar ƙasa, ba ci ba sayarwa, kuma kada a sake shigo da tsuntsun daji mai rai cikin unguwa. Wannan kuwa abincin gidansa ne na rani gaba ɗaya. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya yanka su da hannunsa, da sunan Allah, ko da ba za a ci ba. Mai Lofe ya yarda. Na riƙe masa, yana yankawa.

Kafin mu gama, labari ya zaga. Tsofaffin mata suka taru a ƙofar gida, ana ta hayaniya, har wata na cewa aljanun fadama ya kwaso musu. Na ce masa ya zauna ciki, mai unguwa zai sallame su. Ya ce a'a. Ya wanke hannu ya fita.

Inna Kande ce a gaba, gwauruwa mai riƙon jikoki, wadda ba a bar mata ko ɗan tsako ba. Ya durƙusa gabanta, da furfurarsa da kome, ya ce, "Kande, ta gidana abin ya shigo. Ku yafe mini."

Ta dube shi ta ce, "Da saninka ka yi, Jibo?"

"Wallahi ban sani ba."

Sa'an nan ta ce, "To tashi, kada jikokinmu su gan ka a ƙasa. Ai na matarka ma sun tafi. Allah Ya mayar mana da alheri." Ta juya, sauran suka bi ta.

Magani ba mu da shi. Hana kai kaji kasuwa muka yi, muka ce a binne matattu, a raba wa masu rai wurin shan ruwa, har ciwon ya lafa don kansa. Naman da likita ya aika ɗakin bincike a jirgin ƙasa ya ruɓe a hanya, shi ya sa shi kansa bai taɓa cewa ya tabbatar ba, zato mai ƙarfi yake cewa. Baba Jibo ya sha wuya a ranin nan. Daga baya ya koma saƙar akurki mai rufi, matan unguwar kuwa ba sa saye wajen kowa sai wajensa. In na wuce a keke yakan ɗaga hannu ya ce, "Malamin abin da ba a gani, a sauka lafiya!"

Na yi shekaru a wannan aiki, na sa an yanka dabbobin mutane da yawa don a tsirar da na wasu. Abin da na koya a gidan nan shi ne, doka tana iya karɓe wa mutum abincinsa, amma ba ta iya sa shi ya yarda. Sai ka zauna da shi ka yi ta bayani har ya faɗi maganar da bakinsa. Tun daga ranar ban sake aika masinja da irin wannan umarni ba. Ni nake zuwa, in yi sallama, in jira a ba ni tabarma.